Tambaya da Amsa: Jiragen Yaƙin Italiya Masu Fiffike Biyu

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan abu guda, wato jiragen yaƙi masu fiffike sama da ƙasa waɗanda Italiya ta ƙera tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Galibinsu na kamfanin Fiat ne da ke birnin Turin, kuma zanen mutum ɗaya ne, injiniya Celestino Rosatelli, wanda ya rayu daga 1885 zuwa 1945. Haruffan CR da ke gaban lambobinsu daga Caccia Rosatelli suke. Caccia farauta ke nan a harshen Italiya, kuma da ita suke kiran jirgin da aikinsa kakkaɓo wani jirgi.

Wani malamin makarantar fasaha daga Kaduna ya rubuto: Mene ne amfanin ɗora fiffike a kan fiffike? In biyu sun fi ɗaya ɗaga jirgi, me ya sa aka daina?

Malam, neman ƙarfi ne ya kawo wannan tsari, ɗagawa daga baya ta biyo. Fiffike kamar azara yake da aka kafe kanta ɗaya a bango, iska kuma tana tura ta sama. Idan matuƙi ya ja jirgi ya fito daga nutso, nauyin da ke kan fiffiken yana iya ninka nauyin jirgin sau biyar ko shida. A shekarun 1920 fukafukai sirara ne, kaurinsu bai wuce taƙi ɗaya ba, kuma siririyar azara ba ta ɗaukar wannan kaya sai an cika mata nauyi. Amma in ka ɗauki fukafukai biyu, ka raba su da tazarar fiye da mita ɗaya, ka haɗa su da matokarai, sun zama katako guda mai zurfin fiye da mita. Kafinta ya san haka: allo a kwance yana lanƙwasa, a tsaye a kan gefensa kuwa sai ya ɗauki jinka.

Riba ta biyu ita ce faɗi mai yawa cikin gajeren tsawo. Fiat CR.42 yana da fiffiken sama mai tsawon mita 9.7, na ƙasa mita 6.5, faɗinsu gaba ɗaya murabba'in mita 22.4, jirgin kuma da cikakken kaya kilo 2,295. Kowane murabba'in mita yana ɗauke da kilo 102 ke nan. A cikin masu fiffike ɗaya, Hurricane na Ingila na farko yana ɗauke da wajen kilo 125, Messerschmitt Bf 109E na Jamus kuwa wajen 160. Duk jirgin da kayan fiffikensa suka fi sauƙi yana iya tafiya a hankali bai faɗi ba, saboda haka yana yin kwana a ƙaramin da'ira, ya zagayo bayan abokin gaba.

Amma biyu ba sa ba da ninkin ɗaya. Fiffike yana ɗagawa ne domin iskar da ke bi ta samansa tana da ƙarancin matsi, ta ƙasa kuma tana da yawa. A tsakanin fukafukai biyu, mai yawan matsi ta ƙarƙashin na sama tana cuɗanya da mai ƙarancin matsi ta kan na ƙasa, kowane ya rage wa ɗan'uwansa. Magani uku aka yi wa wannan: a faɗaɗa tazara, a tura na sama gaba kaɗan, ko a ƙanƙanta ɗaya. Rosatelli ya bi na ukun, sai dai a CR.1 na 1924 ya juya abin, na ƙasa ne babba. Daga CR.20 na 1926 ya komar da babban sama, wanda ya ƙara wa matuƙi ganin ƙasa, kuma a haka zuriyar ta tsaya har ƙarshenta. Dalilin dainawa yana cikin amsa ta shida, wadda muka ba tsohon soja daga Jos.

Wata ɗalibar injiniya daga Maraɗi: Hotunan jiragen Ingila na zamanin cike suke da wayoyi tsakanin fukafukai, na Fiat kuwa sanduna ne a karkace kamar harafin W. Wanne ya fi?

Malama, kin gano alamar Rosatelli. Sunan wannan tsari Warren, daga James Warren na Ingila da ya yi rajistarsa a 1848 domin gina gada. Rosatelli ya san shi tun yana matashi, don yana cikin waɗanda suka yi aikin jirgin Ansaldo SVA na 1917 tare da injiniyoyi Umberto Savoia da Rodolfo Verduzio, kuma wancan jirgin ma W ne a tsakanin fukafukansa.

Bambancin yana ga abin da waya take iyawa. Waya ja kawai take ɗauka, in an tura ta sai ta saki. Don haka jirgi mai waya yana bukatar jeri biyu: ɗaya mai riƙe fukafukai kada su naɗe sama a cikin tafiya, ɗaya mai riƙe su kada su zubo ƙasa lokacin sauka ko in jirgi ya kifa. Kowace waya tana da notin ɗaurinta, kuma tana miƙewa da aiki kamar tsirkiyar baka. Makanikai kan ɗora jirgin a kan jak, su daidaita shi, su auna kusurwar kowane fiffike, su ɗaure wannan su sassauta waccan. In aka yi kuskure jirgi yakan riƙa rinjaya gefe ɗaya, matuƙi ya wuni yana danne sanda. In aka ɗaure fiye da kima, azarar fiffike ce take shan matsi tun jirgin yana ƙasa.

Sandar ƙarfe kuwa tana ɗaukar ja da turi duka. A jerin alwatika na Warren, idan jirgi ya ja sama, rabin sandunan suna shan ja, rabi suna shan turi, in ya kifa sai su yi musaya. Kusan babu abin da za a riƙa ɗaurewa, kuma siffar fukafukan tana nan yadda ta fito daga masana'anta. Akwai kuma ribar iska: zagayayyar waya tana tirje wa iska kamar sanda mai siffar ɗigon ruwa da ta ninka ta kauri wajen sau goma.

Kuɗin da aka biya shi ne nauyi. Doguwar sanda da ke shan turi ba karyewa take fara yi ba, gocewa take yi ta tsakiya, don haka dole a yi ta da kauri fiye da abin da ja kaɗai zai nema. Kowace mahaɗa tsakanin sanda da fiffike tana hargitsa iska, kuma W yana da mahaɗa da yawa. Sannan in jirgi ya yi mummunar sauka sanda ɗaya ta lanƙwashe, babu notin da za a murɗa a gyara, sai an kawo sabuwa daidai awo. A ra'ayinmu, ga jirgin da za a riƙa murɗawa a sama kullum, Warren ya fi. Matuƙan sansanin Campoformido na Italiya, inda hafsan sojan sama Rino Corso Fougier ya kafa wasan jirage cikin jeri wajen 1930, da CR.20 suka fara, suka ci gaba da CR.32, kuma ƙarfin wannan gini ne ya ba su damar nutso da juyin da suka yi suna a kai.

Wani tela daga Zariya: Da gaske ne da yadi ake rufe su? Yaya yadi zai jure iskar kilomita 400 a awa?

Gaskiya ne, maigida, kuma aikin ya fi kusa da sana'arka fiye da ta maƙeri. Ƙashin jirgin ƙarfe ne. Gangar jikin CR.42 bututun ƙarfe ne da aka yi wa walda alwatika-alwatika, aka ɗora masa siraran zobba na alminiyom don su ba shi siffa. Daga hanci zuwa wajen kujerar matuƙi faranti ne na alminiyom, daga nan zuwa wutsiya yadi. Fukafukai ma ƙashinsu ƙarfe ne da alminiyom, bakinsu na gaba faranti, sauran yadi.

Ga yadda ake irin wannan aiki. Ana shimfiɗa yadin lilin ko auduga mai ƙarfi a kan ƙashin, a ɗinke shi da zare mai kakin zuma a jikin kowane haƙarƙarin fiffike, ana ƙulla kowane ɗinki daban don kada ɗaya ya tsinke sauran su warware. Inda iskar farfela take bugawa ana matso da ɗinkin kusa-kusa. Sai a liƙa siririn ƙyalle a kan layin ɗinkin, a shafa wani ruwa mai kama da banish, shafi bayan shafi. Yana bushewa yana tsuke yadin har ya yi tauri kamar fatar ganga. A shafin baya-baya ana zuba garin alminiyom, domin rana ce babbar maƙiyiyar yadi, tana cin zaren a hankali.

Yadin ba ya riƙe jirgi, iska kawai yake tarewa ya miƙa nauyinta ga haƙarƙari. Shi ya sa harsashi yakan huda shi ya wuce, a yi faci da yamma, a tashi da safe. Matsalolinsa uku ne. Ruwan shafin yana kama wuta da sauri. Danshi yana taruwa a ciki in ƙananan ramukan tsiyayewa na bakin baya suka toshe, yadi ya ruɓe ta ciki yana kyau ta waje. A babban gudu kuma yadin yana kumburowa tsakanin haƙarƙari, siffar fiffike ta lalace, ɗinki ya fara yagewa.

Wani bakanike daga Kano: Na ji an ce CR.32 ba ya shan fetur zalla. Kuma me ya sa hancinsa ya bambanta da na CR.42?

Haka ne. CR.32, wanda ya fara tashi ranar 28 ga Afrilu 1933, yana da injin Fiat A.30 mai silinda 12 a jere biyu kamar harafin V, ƙarfin doki 600, mai sanyaya da ruwa. An matse shi sosai don ya riƙe ƙarfinsa a sama, kuma fetur na wancan zamani yana ƙwanƙwasa a irin wannan matsi, wato ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta gama bi, abin da ke huda kan fistin. Sai aka haɗa masa abin sha na musamman: kashi 55 cikin ɗari fetur, 23 alkohol, 22 benzol. Inji ya ji daɗi, masu jigilar mai suka sha wuya. Ƙasar Sin ta sayi 'yan kaɗan daga jiragen, kuma samun wannan haɗi yana cikin abin da ya dame ta. Alkohol kuma yana jan ruwa daga iska, in ruwan ya yi yawa haɗin ya rabu a cikin tanki.

Buɗaɗɗen bakin da kake gani ƙarƙashin farfelar CR.32 lagireto ne. Nan ne lagonsa: harsashi ɗaya a lagireto ko tiyo, ruwa ya tsiyaye, cikin mintuna kaɗan inji ya kama. A tsakiyar shekarun 1930 rundunar saman Italiya ta karkata ga injuna masu sanyaya da iska, waɗanda silindojinsu ke kewaye kamar tauraro. CR.42 ya samu Fiat A.74 RC.38, silinda 14 a zobe biyu, doki 840. Sunan ma bayani ne: R giyar rage gudun farfela, C famfon cusa iska, 38 kuma mita 3,800, tsayin da injin ke ba da cikakken ƙarfinsa. An rufe shi da zagayayyen murfi mai ƙananan ƙofofi a baya, matuƙi yana buɗe su in yana hawa inji ya yi zafi, ya rufe in yana son gudu. Farfelarsa mai ganye uku ce, tana sauya kusurwar ganyenta da kanta.

Wannan zaɓi ya ba da inji mai jure rauni, amma mai faɗin goshi. Abin mamaki, ƙasar da injin Fiat mai ruwa ya kai jirginta na tsere Macchi MC.72 gudun kilomita 709 a awa a 1934, ita ce ta koma neman lasisin injin Daimler-Benz na Jamus da yaƙi ya zo.

Wani mai karatu daga Damagaram: Bindigogin suna bayan farfela. Yaya ba sa harbe ta?

Inji ne yake ba da izinin harbi. Akwai wani ƙusumbi a jikin sandar da ke juyawa tare da farfela. Matuƙi in ya danna maɓalli, haɗa bindiga da wannan ƙusumbi kawai ya yi, shi kuma yana sakin harsashi a daidai lokacin da babu ganye a gaban bakin bindiga. Breda-SAFAT mai bakin milimita 12.7 tana harba wajen harsashi 700 a minti, amma da wannan jira sai ta sauko wajen 575. Abin yana ɓaci in harsashi ya yi jinkirin tashi, ko bindiga ta yi zafi har harsashi ya tashi da kansa, ko mahaɗan sun ci sun yi sako-sako. A nan sai a sauko da rami a ganyen farfela.

Ribar ajiye su a hanci ita ce suna harbi kai tsaye inda jirgi ya dosa, nauyinsu kuma yana tsakiya. Da aka ƙara wa samfurin CR.32bis ƙananan bindigogi biyu masu milimita 7.7 a fiffiken ƙasa, nauyin ya rage masa hawa da kwana har aka riƙa cire su, samfuran da suka biyo baya, CR.32ter da CR.32quater, suka koma biyu. CR.42 ma biyu ne, harsashi 400 kowace, a lokacin da Hurricane ke ɗauke da takwas.

Wani tsohon soja daga Jos: CR.42 ya fara tashi a 1938, bayan Hurricane da Bf 109 sun riga sun fito. Shin Italiya ba ta ga inda duniya ta dosa ba ne?

Ranka ya daɗe, ta gani, amma yaƙin basasar Sifaniya ya ruɗe ta. CR.32 ya isa can a Agustan 1936 don taimaka wa Janar Franco, jagoran sojojin da suka yi wa gwamnati tawaye, ya kara da Polikarpov I-15 mai fiffike biyu da I-16 mai fiffike ɗaya na Tarayyar Sobiyet. I-16 ya fi shi gudu nesa ba kusa ba, amma duk matuƙin da ya yarda ya shiga kokawar kwana da CR.32 ya shiga gonar wani. Joaquín García Morato, wanda ya fi kowa kakkaɓo jirage a ɓangaren Franco da guda 40, galibi da CR.32 ya yi su. Sifaniya ma ta ƙera guda 100 da lasisi da sunan HA-132-L, ana yi musu laƙabi da Chirri. Manyan rundunar saman Italiya suka ɗauka cewa kwana ta fi gudu muhimmanci. Darasin da ke gefe ba su ɗauke shi da nauyi ba: jirgin bama-bamai Tupolev SB na Tarayyar Sobiyet ya fi CR.32 mai kilomita 360 a awa gudu, ba a kama shi sai an riga shi hawa an faɗo masa daga sama.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi a hannun Italiya take. Fiat G.50 da Macchi C.200, masu fiffike ɗaya da tayoyi masu naɗewa, sun tashi a 1937 da injin A.74 ɗin nan dai. Da doki 840 ɗaya, CR.42 yana yin 430 zuwa 440 a awa, C.200 kuwa ya ɗan haura 500. Wannan rata ta kilomita 60 zuwa 70 ita ce kuɗin fiffike na biyu da matokarai da tayoyin da ba sa naɗewa. Ƙara inji kuma ba ya cike ta da sauƙi, domin ƙarfin da ake bukata yana hawa da gudu sau gudu sau gudu. Daga 430 zuwa 500 sai an ƙara kusan kashi 57 cikin ɗari, wato doki 1,300 da 'yan kai, a jiki iri ɗaya. An gwada a 1941: CR.42 guda ɗaya da injin Daimler-Benz DB 601 mai siririn hanci ya kai wajen 520, kuma daga wannan ɗayan ba a ƙara ba.

Mai gudu shi ke zaɓen lokacin faɗa. Matuƙan Hurricane suka koyi kada su yi kwana da CR.42: su faɗo daga sama, su yi harbi, su wuce, su sake hawa. Ƙari a kan haka kujerar CR.42 a buɗe take, yawancinsu babu rediyo, na farko-farko babu farantin kare matuƙi. Da aka kai su Beljiyam a kakar 1940 don kai wa Ingila hari, sanyi kaɗai ya ishe su.

Ba mu ga laifin tashinsa a 1938 ba, don Ingila ma tana da Gloster Gladiator mai fiffike biyu a lokacin, kuma masu fiffike ɗaya na Italiya ba su gama nuna ba. Laifin shi ne ci gaba da ƙera shi har cikin 1943 da bayanta, har ya kai wajen guda 1,800, fiye da kowane jirgin yaƙin Italiya na wancan yaƙi. Yana da arha, layin ƙera shi a shirye yake, matuƙa kuma suna son sa.

Wani mai karatu daga Maiduguri: Ko waɗannan jirage sun taɓa ratsa tarihinmu?

Ta hanya biyu. Sojojin Birged ta 23 ta Najeriya, waɗanda Hausa ce harshen bariki a cikinsu, sun shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairu 1941, suka nausa Jijiga da Harar a Habasha cikin Maris. CR.32 da CR.42 su ne jiragen farautar Italiya a wannan fage. Da yake hanyar teku a rufe take ga Italiya, sai aka riƙa kwance CR.42, a cire fukafukai, a cusa shi cikin babban jirgin dako Savoia-Marchetti SM.82, kuma guda 51 aka kai haka. A can matuƙin Italiya Mario Visintini ya kakkaɓo jirage 16 da CR.42 kafin ya yi karo da dutse a Eritiriya ranar 11 ga Fabrairu 1941. A Gallabat, bakin iyakar Sudan, ranar 6 ga Nuwamba 1940, CR.42 sun yi wa Gladiator mummunar ɓarna.

Hanya ta biyu ta bi ta kan garinku. Daga Satumbar 1940 Ingila ta riƙa sauke Hurricane a akwatuna a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa, a tuƙa su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, El Fasher, Khartum, har Masar. Su ne suka je suka tarar da CR.42 a saharar Libiya. A can rairayi ya fi harsashi cin injuna, yana shiga ta kafireto ya goge silinda da zobban fistin. Samfurin CR.42AS ya samu matatar rairayi da wurin rataya bama-bamai biyu, har masu kilo 100, a ƙarƙashin fukafukai, makanikai kuma sukan cire murfin tayoyi don ƙasa tana cushewa a ciki.

Daga masu tambaya da dama: Akwai wanda ya rage a gani?

Akwai. Gidan tarihin rundunar saman Ingila yana da CR.42 ɗin da matuƙin Italiya Saje Pietro Salvadori ya saukar dole a gaɓar Orford Ness ta Ingila ranar 11 ga Nuwamba 1940, bayan bututun baƙin mai ya fashe inji ya yi zafi. Suwidin, wadda ta sayi 72 ta kira su J 11, tana da ɗaya a Linköping. A Vigna di Valle kusa da Rum akwai CR.42 da aka sake harhaɗawa, da kuma CR.32 ƙirar Sifaniya, wani irinsa kuma yana gidan tarihin jirage na Cuatro Vientos a Madrid.